Ranar da Jif Ta Sha Zoɓo

Shekaranjiya wasu samari uku suka same ni a gidan shayin da nake zama a unguwar Hayyin Ashir, nan Alƙahira, suka ce shawara suka zo nema. Ashe sun riga sun gama komai. Sun buɗe guruf a waya, sun liƙa hoton duwatsun Sina da suka ɗauko a intanet, ɗalibai sun yi ta rajista, za su kai su kwana cikin kwazazzabo da zarar an gama jarrabawa. Abin da ya rage musu kawai lambar direba. Na tambayi shugabansu lita nawa na ruwa ya ware wa kowane mutum. Ya dube ni kamar na tambaye shi sunan kakar Fir'auna, ya ce ai kowa zai riƙo gorarsa. Na ce su ja kujera su zauna. Abin da na gaya musu shi nake rubutawa a nan, don na san irinsu suna da yawa, kuma ba kowa zan iya saya wa shayi ba.

Sunana Bala, mutumin Malumfashi. Amma in kuka je wajen makanikan unguwar Faisal kuka ce Bala, ba wanda zai ɗaga kai. Sai kun ce Abu Karkade. Karkade shi ne zoɓo a bakin Misrawa, kuma ba don ina sayar da shi aka sa mini sunan ba.

Karatu ya kawo ni Alƙahira, kamar kowa. Nahawu ya kayar da ni, na tashi, ya sake kayar da ni, har malamin ya fara gaishe ni kamar maƙwabcinsa. A wani hutun bazara ne na samu aikin ɗaukar kaya wajen wani dattijo Badawi, mutumin kudancin Sina, ana ce masa Ammu Salama. Yana da wani lungu a ƙarƙashin bene a Wustul Balad, wato tsakiyar birni, wanda yake kira ofis, da shagon ajiya a Faisal, da wata tsohuwar jif da yake bari wajen ƙanensa, can inda kwalta ta ƙare duwatsu suka fara. Sana'arsa ita ce ya kwashi mutanen da suke da gado da fanka a gidajensu, ya kai su inda babu ko ɗaya, su kwana a ƙasa, su dawo suna gode masa. Da farko na ɗauka damfara ce. Daga baya na gane aiki ne, kuma mai wuya.

Aikina na farko shi ne turaku. Duk tantin da ya dawo daga tafiya sai na shimfiɗa shi a rufin shago, na kakkaɓe yashi, na duba zif, na haɗa turakunsa da igiyoyinsa, na naɗe. Wata huɗu ina wannan ban ga ko dutse ɗaya ba. Ranar da na naɗe wani tanti da turke ɗaya a rashe, Ammu Salama bai yi mini faɗa ba. Ya dai ba ni wannan tantin na kwana a ciki a tafiyata ta farko, a bakin wani kwari da iska ke shiga kamar ana kora ta. Kafin asuba ni ne turken. Tun daga ranar ko barci nake aka ce turke sai na zabura.

A wannan tafiyar ya fara nuna mini ƙasa. Ku da kuke kallon hoto, wurin da ya fi kyau a hoton shi ne wurin da ba a kwana. Tsakiyar kwarin, inda yashi yake da laushi kamar katifa, hanyar ruwa ce. Ana iya yin ruwan sama a wani dutse da ba ku ma gani, ku sama a kanku fes, sai ku ji wani irin gurnani, kafin ku nemo takalmi ruwa ya iso da duwatsu a cikinsa. Ya kai ni gindin wata ƙaya, ya nuna mini busasshiyar ciyawa da ta maƙale a reshe sama da kaina, ya tambaye ni wa nake jin ya ɗora ta can. Na ce ko tsuntsu. Ya ce to tsuntsun nan yana dawowa, kuma ba ya sallama. Ya koya mini rage iskar taya kafin shiga yashi, da yadda ake cusa farantan ƙarfe a ƙarƙashin taya in mota ta kafe, da kakkaɓe takalmi da safe saboda kunama. A akwatin kayan aiki kuwa ba a tashi sai da shebur, jak, sifana, filaya, waya, baƙin salatif, da guntun tsohon tub na taya. Wannan guntun tub ɗin ya fi wasu masu digiri amfani a daji.

Sai takardu. Ba a shiga waɗannan duwatsu sai da tasrihi, wato izinin hukuma, da sunan kowa a jere. A hanya kuma akwai shingayen jami'an tsaro. Ɗalibi guda da iƙamarsa, wato takardar izinin zama, ta ƙare ya isa ya zaunar da mota guda a rana tun hantsi har la'asar, yana rantsuwa cewa fasfonsa yana wajen sabuntawa. Shi ya sa ba na karɓar “wallahi tana da kyau” a waya. Sai na ga iƙamar da idona, na juya ta, na karanta kwanan wata sau biyu.

Baƙi kuma iri-iri ne. Bature yana so a yi shiru ya ji shirun, ya sha ruwa kaɗan-kaɗan kamar magani, ya goge hannu da tsumma. Bamisre zai zo da sifika da tukunyar mahshi da surukarsa, ya tambaye ka me ya sa babu wurin caji. Namu kuwa, Allah ya bar mu tare, sai ya zo hawan dutse cikin shadda mai sitati da takalmi sau-ciki, tambayarsa ta farko ina alƙibla, ta biyu ina bayan gida. In ka nuna masa duk faɗin jejin ka ce ga shi nan, sai ya ɓata rai.

Yanzu ga abin da nake so ku riƙe. A bayan jif ɗin, ƙarƙashin tayar safaya, akwai wata jarka da Ammu Salama ya shafa wa jan fenti, ya rubuta “benzin” da manyan baƙaƙe. Babu ɗigon fetur a cikinta. Ruwa ne mai kyau, lita ashirin, ana sabunta shi kowace tafiya. Ba na sha ba ne, ba na girki ba ne, ba a ma sa shi a lissafi. Na lagireto ne in ta fashe, da kuma ranar da mota ta mutu inda ba mai wucewa. Dokarsa ita ce baƙo bai san da ita ba. In ya tambaya, fetur ne. In ya sake tambaya, fetur ne mai tsada. Ya ce mini ruwan da baƙo ya san da shi ya riga ya ƙare, ko da jarkar a cike take.

Shekara huɗu na yi kafin ya ɗora mini makullin jif a tafin hannu. Hanya ce gajera da na sani kamar ɗakina: awa uku daga kwalta, kwana ɗaya, a fito washegari kafin rana ta faɗi, shi yana jira a zangon ƙanensa. Baƙin ma ni na kawo su, kuma da gangan na zaɓi namu, don ina so a je Ashir a ba da labari cewa Balan da nahawu ya kora ya zama wani abu. Mutum takwas ne, duka manyan ɗaliban shari'a, shugabansu Ustaz Habibu. Ustaz ɗan garinmu ne, abokin yayana, shi ya ɗauko ni a filin jirgi ranar da na sauka, a ɗakinsa na ci na sha wata uku, a bayansa nake sallah. Ko a waya ya kira ni sai na ga na miƙe tsaye.

Kuskurena na farko na yi shi tun a Faisal. Na auna ruwa da ma'aunin Ammu Salama, ma'aunin kuwa a kan Turawa da Misrawa aka gina shi. Ranar Alhamis da safe, ana loda kaya a mikrobas, ƙaramar bas ɗin da za ta kai mu wajen jif, na ga kowane mutum ya fito da butarsa. Buta takwas, 'yan gida, masu zanen kore da ja. Har dariya na yi, na ce an kwaso Kano an taho da ita. Ban tsaya na tambayi kaina me butocin nan za su ci ba. Ustaz kuma ya sa aka ɗora wata babbar kula, ya ce zoɓo ne uwargidansa ta haɗa ta daskarar, da citta da kanumfari da sukari, kuma kada wanda ya taɓa shi sai mun fito kwalta ranar Juma'a, a yi walimar rufe tafiya.

Tafiyar ta yi kyau, kada in rage mata. Mun shiga kwazazzabon da yamma, bango ja da rawaya ya tashi dama da hagu, wani wurin sai mutum ya karkata kafaɗa yake wucewa. Malaman nan suka yi ta tasbihi, suna shafa dutse, suna jawo wa juna ayoyi. Ni kuma ina gaba ina ta bayani kamar ni na sassaƙa wurin. Amma ina kallon jarkoki ta gefen ido. Bahaushen da ya karanta babin tsarki ba ya alwala da rabin buta. Sai ya ɗauraye butar tukuna, ya zaga bayan dutse da ita cike, ya dawo ya sake cikawa, ya wanke kowace gaɓa sau uku cif, ya tsefe tsakanin yatsu, in ya yi shakka ya koma farko. La'asar, magariba, lisha, asuba, mutum takwas. Ga shayi, ga wankin kwano, ga wani da ya wanke safarsa don ta yi ƙura. Kafin hantsin Juma'a jarkokin da ke fili sun zama ganguna. Abin da na iya ɓoyewa a ƙarƙashin kujerata gora uku ne ƙanana.

Da azahar ta yi, na tattaro ƙarfin hali na ce ruwa ya ƙare, sai dai a yi taimama, ga ƙasa nan mai tsarki iya ganin ido. Ku da ba ku taɓa faɗin kalmar taimama a gaban masu digiri takwas a shari'a ba, ina ba ku shawara kada ku fara. Nan take aka zauna a inuwar jif aka buɗe majalisi. Wani ya ce sai an nemi ruwa an rasa. Wani ya ce nisan neman nawa ne. Aka kawo maganar malaman wannan mazhaba, aka kawo ta waccan, aka yi Larabci har dutse yana amsawa. Ni dai ina naɗe tanti, ina addu'a su gaji.

Ustaz Habibu bai gaji ba. Ya kira ni, ba da faɗa ba, da wannan muryar tasa mai sanyi da ta fi bulala.

“Bala, zo nan. Tsakaninka da Allah, babu sauran wani ruwa a motar nan?”

Ammu Salama ya ce in ce fetur ne. Amma shi ba a Malumfashi aka haife shi ba, kuma bai ci tuwon Ustaz wata uku ba. Ƙarya dai ba zan iya yi masa ba, an sa Allah a tsakani. Amma akwai wata amsar da ba ƙarya ba, wadda ko ni da nahawu ya kora na san littafi ya yarda da ita: ruwan da ake tsoron halaka in an rasa shi ba na alwala ba ne. Na san wannan sarai. Bakina ne ya ƙi buɗewa ya ce wa babba a'a. Na sunkuyar da kai, na ce akwai 'yar jarka, amma ta lagireto ce.

Wani ƙaramin cikinsu, Allah ya yi masa albarka duk inda yake, ya ce ai littafi ya halatta a bar wa raƙumi ruwa a yi taimama, jif ɗin nan kuwa ita ce raƙuminmu. Ustaz ya ce raƙumi yana da rai, jif ba ta da shi, kuma lafiyarta ƙalau tun jiya, ba a barin yaƙini saboda zato. Ya ce alwala ce kawai, kowa rabin buta. Ni da hannuna na kwance tayar safaya na sauke jar jarka. Kuskurena na biyu ke nan.

Da rabin butar aka tsaya, da yau sunana Bala. Ana cikin layi sai wani ya matso kusa da Ustaz ya yi masa raɗa, kansa a ƙasa. Wai ya yi mafarki jiya, wanka ya hau kansa, da asuba kunya ce ta hana shi faɗa. Ustaz ya yi salati, ya ce a cika masa buta biyu. Ganin an buɗe ƙofa, sai wani ma ya tuna ya yi mafarki. Sai na uku. Mutum uku a dare ɗaya, a kan tsakuwa, cikin sanyin da ni ko yatsuna ban iya ji ba. Har yau ina mamakin ƙarfin halin Shaiɗan a wannan kwari. Suka bi bayan duwatsu ɗaya bayan ɗaya, ina jin ruwan Ammu Salama yana zuba a ƙasa. Aka yi sallah, aka haɗa da la'asar, kowa fes. Na ɗaga jarka da yatsa biyu na mayar da ita wurinta.

Kuskure na uku nawa ne ni kaɗai, ba ruwan malamai. Don in burge su, a hanyar fita na saki hanyar da na gaya wa Ammu Salama zan bi, na kutsa wani kwari da ke da dutse mai kama da naman kaza. Hawa ne mai tsawo a cikin yashi, ga mutum tara, ga zafin rana. Muna tsakiyar hawan na ga allura ta haye ja, kafin in taka burki tururi ya turnuƙe gilashi. Na buɗe bonet na tarar tiyon lagireto na ƙasa ya tsage, ruwan duk ya bi yashi.

Gyaran bai dame ni ba. Na jira inji ya huce, na yanko guntun tub, na naɗe tsagar, na bi da salatif, na ɗaure da waya na murɗe da filaya. Aiki mai kyau, ko a Faisal sai haka. Na miƙe na goge hannu, sai na tuna ba ni da abin zubawa. Waya babu sabis. Kwalta tana da nisan da in a ƙafa ne sai an yini ana tafiya, ga masu takalmi sau-ciki. Ammu Salama ba zai fito nema ba sai gari ya waye, in ya fito kuma wata hanyar zai bi, don ita na gaya masa. Mutum tara, gora uku ƙanana. Tsoro ya kama ni sosai. A majalisin shari'a kuwa ba mai jawo ko mas'ala ɗaya. Masu mafarkin nan uku suka koma can gefe suna kallon takalmansu.

Idona ya faɗa kan kula. Na buɗe, ƙanƙarar ta narke, zoɓo ya kai wuya, ja wur, yana ƙamshi. Na san abin da sukari yake yi wa inji in ya dahu. Na kuma san in muka zauna muka shanye shi, gobe war haka ba zoɓo ba mota. Ban nemi fatawar kowa ba. Na ce wa Ustaz ya ba ni hiraminsa, ya miƙo ba musu. Muka shimfiɗa shi a bakin lagireto, mutum biyu suka karkata kula, muka tace citta da kanumfari, jif ta shanye walimar rufe tafiya tas. Na tayar, ta tashi.

Haka muka fito, a giya ta biyu, in allura ta hau in tsaya, in ta sauka in ci gaba. Motar gaba ɗaya tana ƙamshin gidan suna. Gorar nan uku muka yi ta zagayawa da su, kowa ya jiƙa harshe da murfi. Ba wanda ya yi zancen alwala. Rana tana gab da faɗuwa muka hango zangon, da Ammu Salama a tsaye a bakin hanya, hannu a baya.

Bai gaishe ni ba. Ya buɗe bonet, ya shinshina, ya dangwali abin da ke tsatsafowa daga tiyo ya ɗanɗana, ya ce wanda ya haɗa wannan ya iya, sai dai citta ta yi yawa. Ya duba ɗaurin wayata ya gyaɗa kai. Har na fara samun numfashi. Sai ya zaga baya, ya kwance taya, ya ɗaga jar jarka ya girgiza.

“Wa ya gano ta, ya Bala?”

“Ba wanda ya gano ta, ya Ammu. Ni na nuna.”

Ya miƙo tafin hannu. Na ɗora masa makulli.

Wannan ita ce muguwar shekarata. Jif ta yi makonni wajen makanikai ana wanke mata hanji, suna kiran abokansu su zo su ga lagireton da ya yi alewa, a nan sunan Abu Karkade ya samo asali. Ammu Salama bai kore ni ba, da ya kore ni ma da ya fi sauƙi. Ya mayar da ni kan turaku da wankin tukwane da yashi. Direbobin da na riga zuwa suka riƙa aike na. A Ashir kuwa labarin ya riga ni isa, duk walimar da na je sai wani ya miƙo mini kofin zoɓo ya ce ko in kai wa motar. Sau ɗaya na yi ƙoƙarin kare kaina, na ce masa ni ba zan iya yi wa malamina ƙarya da sunan Allah ba. Ya ce shi bai damu da abin da zan faɗa ba, in ce fetur, in ce ruwa, in ce zuma. Shi dai jarkarsa ta dawo a cike. Ya ce wanda ba ya iya hana babba, kada ya ɗauki ran mutane ya shiga da shi duwatsu.

Bayan shekara da 'yan watanni sai ga Ustaz Habibu ya sake haɗo tawaga, ya zama Dakta a lokacin, wai yana so ya yi bankwana da Sina kafin ya koma gida. Na so in ce ba ni da lafiya. Ammu Salama ya ce shi zai ja mota, ni zan bi a matsayin mai tukwane, ruwa kuma ni zan auna. Na auna da butoci a raina, na ninka, na ƙara. Wallahi duk da haka, kafin azahar ta biyu sun ga bayansa. Sababbin ɗalibai ne, hannunsu a sake.

Aka zauna a inuwar jif. Ammu Salama ya kwanta a gefe, ya rufe fuska da rawani, yana wani minshari da ko yaro ya san na ƙarya ne. Na ga Dakta ya miƙe ya nufi bayan mota, don yanzu ya san gidan. Na riga shi. Na sauke jar jarka na ajiye a ƙasa, na zauna a kanta.

“Bala, akwai ruwa a nan, ko ba haka ba?”

“Akwai, Allah ya gafarta Malam. Lita ashirin, mai sanyi. Ba zan bayar ba.”

Ɗalibansa suka zuba mini ido, wani har ya buɗe baki zai kawo Larabci. Dakta ya ɗaga masa hannu. Ya daɗe yana dubana, ni kuma ina duban yatsun ƙafarsa, amma ban tashi ba. Can sai ya naɗe hannun riga, ya durƙusa, ya buga tafukansa a ƙasa, ya shafi fuska. Ya juya ya ce wa ɗaliban jif ɗin nan raƙumi ce, ya bincika, kowa ya yi taimama. Ya ƙara da cewa duk wanda ya yi mafarki jiya, shi ma ga ƙasa nan ta ishe shi.

Ina nan zaune a kan jarka, sai na ji wani abu ya bugi ƙirjina ya faɗo kan cinyata. Makulli ne. Ammu Salama bai ko ɗaga rawanin daga fuskarsa ba.

“Yalla, ya Abu Karkade. Bayana yana ciwo, kai za ka fitar da mu.”

Shekarun da suka biyo baya ban ƙirga tafiyar da na yi ba. Ammu Salama ya tsufa ya koma duwatsunsa, lungun ƙarƙashin bene ya zama nawa, jif ta canza, jarka ba ta canza ba. Na daina ma rubuta mata benzin. Duk wanda ya tambaya ina gaya masa ruwa ne, kuma ina gaya masa ba zai samu ba. Na faɗa wa farfesa, na faɗa wa mai unguwar 'yan Sudan, na faɗa wa surukina.

Da na kai nan, shugaban samarin nan ya ce tamam, sun gane, za su sayi jarka su shafa mata jan fenti, yanzu sai in ba su lambar direban. Na tambaye shi wa ya fi kowa girma a cikin waɗanda suka yi rajista. Ya ce limamin masallacinsu, wanda yake riƙe da shi tun zuwansa Masar. Na ɗauki wayarsa daga kan tebur na miƙa masa, na ce ya kira limamin yanzu a gabana, ya gaya masa ba a zuwa da buta, kowa taimama zai yi tun daga kwalta. In ya yi, ga lambar direba, har tanti zan ara musu.

Ya karɓi wayar. Ya nemo sunan. Ya miƙe tsaye, ya gyara hula, alhali bai ma danna kira ba. Shayinsa ya huce yana nan tsaye, ni kuwa na sa aka ƙaro mini wani.